Sifana Mai Kallon Hagu

Kowace Asabar, kafin ta ɗora ruwan shayi, Sista takan shiga gareji ta ɓata wa mijinta mota.

Ba ɓarna ce ta a-zo-a-gani ba. Takan ɗaga bonet a hankali don kada ƙarfen ya yi ƙara, ta zaro sifana daga allon kayan aikin da ke jikin bango, ta sassauta abu guda: yau kan batir, wani satin fanbel, wani satin filogi ɗaya cikin takwas. Sai ta mayar da sifanar, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar yadda ta saba shekara talatin da ɗaya a ɗakin haihuwa, sannan ta kai masa shayi, ta tambaye shi yadda ya kwana.

Ungozoma ce da ta yi ritaya. Rabin samarin layin ita ta fara ganin tsiraicinsu, shi ya sa har yau suke sunkuyar da kai in ta wuce. Bahaguwa ce mai ƙananan hannuwa, kuma a zamanin aikinta, in haihuwa ta cije, ita likitoci ke aikawa a kira, don yatsunta na gani inda ido bai kai ba. Ba a san ta da ƙarya ba. Ko jaririn ya zo da muni, iyakarta ta ce Allah ya raya.

Mijin kuwa Injiniya ake ce masa, ko da yake bai taɓa zama injiniya ba, zanen taswirar gidaje yake yi a ofishin wani. Motar ce ta jawo masa sunan. Ya saye ta hannu na uku a shekarar da suke da yara biyu da cikin na uku: ja, mai dogon hanci, kwance da ƙasa kamar ƙadangare, kujera biyu tak. Motar masu hali ce da masu halin suka gama yayinta. Ya raɗa mata Gimbiya, ya rantse ba bakaniken da zai sa mata hannu. Shi ke juye mata baƙin mai, shi ke canja mata birki, shi ke kwana uku yana neman inda ruwa ke zurarewa. A allon bango ya zana siffar kowace sifana da farin fenti, kowacce da ƙusarta, kuma ko ɗan cikinsa bai isa ya rataye masa ɗaya ba.

Sista ba ta taɓa cewa ta tsani motar ba. Abin da ta riƙe guda ɗaya ne. Ranar da naƙudar auta ta kama ta, Gimbiya na kan jak ba taya biyu, Injiniya na ƙarƙashinta. Ya ce minti goma. Ta tsaya a ƙofar gareji dafe da bango fiye da awa guda, ba abin da take gani na mijinta sai tafin ƙafa, har maƙwabci mai motar ɗaukar bulo ya zo ya kai ta. Aka haifi yarinya lafiya, aka yi barka, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Ita ma ta ɗauka ta manta.

Shekara biyu da suka wuce ciwon suga ya ci masa ido, na dama ya fara tafiya, na hagu ya bi shi. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya koma kujerar falo, hannuwa a cinya, ko rediyo ba ya so a kunna. Abinci sai ta yi da gaske yake cin loma uku. 'Ya'yan suka fara buga waya suna cewa a sayar da motar, ganinta ma ai tayar da hankali ne. Ta ce musu wa zai gan ta?

Wata Asabar ta ce bari ta tayar da injin don kada ya daskare. Ta murɗa makulli, motar ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Daga falo ta ji muryar da ta yi wata huɗu ba ta ji ba, da ƙarfinta da isarta: kan batir ne, ta ɗauko sifana lamba goma. Ya lalubo bango har gareji, ya tsaya a kanta yana ba da umarni, yana faɗa wai ta riƙe sifana kamar za ta yanke cibiya. Motar ta tashi. Ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Asabar ta gaba ba abin da ya sami Gimbiya. Ta tashi lafiya, ya saurara minti biyu, ya ce to, ya koma kujerarsa. Abincin ranar almuru ya same shi a rufe.

Asabar ta uku, Sista ta riga shi shiga gareji.

Daga nan abin ya zama musu tsari. Bayan shayi takan kama hannunsa zuwa gareji, ta bar shi a bakin allo yana shafa kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, wai gaisawa suke yi, ita kuma ta koma ta ɗauko masa kujerar roba. Ta tayar da mota, ya karkata kai, ya yi shiru irin na likitan da ya san amsa amma yake son a jira shi. Sai ya faɗi ciwon. Ita ta sa hannu, shi ya sa baki. In an gama, shi ke karɓar kayan aikin ya rataye da kansa, don a nan bai sauka daga mulki ba. Maƙwabta suka yi ta labarin makahon da ke gane ciwon mota da kunne, har direbobin haya suka fara tsayawa a ƙofa suna leƙe.

Ta gaya wa kanta cewa jinya ce. Ai ta sha ba mai naƙuda ruwan sanyi ta ce magani ne, kuma ya yi aiki. Sai dai mai jinya ba ta ɗokin ciwo, ita kuwa tun Laraba take fara tunanin abin da za ta sassauta. Ta karance littafin motar, wanda a da ko ƙurarsa ba ta isa ta goge ba. Ta fara zaɓen wurare masu wuya. Ta lura tana son ɗan lokacin nan da yake karkata kai, fuskarsa a buɗe kamar ta yaro, ita kaɗai a duniya ta san amsa.

Wata rana wani direba na tsaye a ƙofa, Injiniya ya ce masa ya fi sanin muryar Gimbiya a kan muryar kowa a gidan nan. A ranar, fiyus ta zare, ɗan ƙarami, yana cikin aljihun rigarta. Ya ce fiyus ne, ta duba. Ta buɗe akwatin, ta dubi gurbin da ta bari, ta ce duk lafiyarsu ƙalau. Ya ce to famfon mai. Ta ce lafiya. Ya ambaci wannan, ya ambaci wancan, muryarsa na raguwa, gumi na bin wuyansa, direban ya sulale don kunya. Tana tsaye da abin a aljihu tana kallon agogon bango. Sai da awa ta cika ta ce af, ashe akwai wanda idonta ya tsallake.

Ranar ita ce ta kasa cin abinci.

Autar ce ta kama ta. Ta zo hutun kwana biyu, ta fito da safe neman cajar waya a mota, ta tarar da uwarta rabin jikinta cikin inji. Sista ta yi bayani a tsaye, da sifana a hannu, ta kawo zancen cin abinci, da na kujerar falo, da yadda yake dariya yanzu. Auta ta saurara har ƙarshe. Ita ma aikin asibiti take yi, ta san yadda bayani ke tsawo in ba shi da gaskiya duka.

"Na ji, Mama. Amma na ga fuskarki kafin ki gan ni. Tausayi ne wannan, ko ramuwa?"

Sista ta ce ta wuce ta ba ta wuri, yarinyar da aka kai asibiti a kan bulo ba za ta koya mata zaman aure ba. Auta ta yi dariya ta tafi, tambayar ta zauna. Sati guda tana binta har kan sallaya. Abin da take tsoro a fili yake: in ta faɗa masa, ta ƙwace masa abu ɗaya da ya rage yana taƙama da shi, ya koma kujerar falo, wannan karon da sanin cewa matarsa ta mai da shi abin wasa. In ta yi shiru, ta san za ta sake kallon agogo.

Asabar ta zo, ba ta shiga gareji da safe ba. Ta yanke cewa motar za ta tashi lafiya, ya ce to, ita kuma ta faɗa masa komai kafin ya kai falo.

Ta kai shi bakin allo, ta ɗauko kujera, ta murɗa makulli. Gimbiya ta tashi, ta yi tari, ta yi rawar sanyi kamar mai zazzaɓi, ta mutu. Ta sake murɗawa, haka. Sista ta zauna riƙe da sitiyari. Wannan karon ba ita ba ce.

Injiniya ya karkata kai, ya daɗe. Ya ce ta sake. Ta sake. Maimakon ya faɗi ciwon, sai ya tashi ya koma allo, ya bi sifanonin da yatsa tun daga ƙarama har babba, ya dawo ta baya, ya taɓa filaya, ya taɓa sukudireba. Sannan ya juyo inda yake zaton take.

"Sista, yau da me kika yi? Da hannu?"

Ta ce ba ta gane ba, a muryar da ita kanta ba ta yarda da ita ba.

Ya koma ya zauna, ya gaya mata a hankali, kamar mai karanta taswira. Shi in ya rataye sifana, bakinta dama yake kallo. Ita bahaguwa ce, tata hagu take kallo. Kowace Asabar, kafin ta dawo da kujera, yakan sami guda ɗaya mai kallon hagu, da ɗan danshin mai a jikinta. Lamba goma, batir. Sha uku, fanbel. Filaya, fiyus. Kunnen da ake ta labari, na hagu ya toshe tun bara, na dama kuma yana jin inji ne kamar daga gidan maƙwabta. Ya ɓoye mata, don mutum ba ya son a ce masa kullum wani abu na mutuwa a jikinsa.

Ta tambaye shi me ya sa bai taɓa magana ba. Ya ce in ya yi magana wa zai zauna da shi awa biyu? Shekara talatin yana gareji tana asibiti, sai da ya makance ya san yadda numfashinta yake in tana aiki. Kuma direbobi na ce masa ranka ya daɗe.

"To ranar fiyus fa?" ta ce. "Ka san ƙarya na yi."

"Na sani. Na ji kina duba agogo, sarƙar wuyanki na motsi. Da awa ta cika kika sake ni, sai na gane wace awa ce." Ya shafa gwiwarsa. "Taki ta ranar naƙudar auta ta fi awa. Kin yi mini ragi."

Da a ce ya yi faɗa, da ta samu abin riƙewa. Ta dubi tafin ƙafarsa cikin silifa, ya tsufa, ya tsattsage, ita ce ma ke shafa masa mai yanzu. Ya riga ya ba ta ƙofar fita, ta ce ramuwar rana ɗaya ce an yi an gama. Amma ba ta saba barin mabiyiya a ciki ba.

"Malam, ba ranar kaɗai ba. Ina jin daɗin abin. Duk Asabar, in ka karkata kai kana nema."

Ta fara nadamar faɗin haka. Sai ya ce ya sani, ai ta hanci take dariya, kuma wannan kunnen bai gama mutuwa ba. Bai yi murmushi ba da ya faɗa. Ta ga ya ji ciwo, kuma ta ga ya daɗe da jinsa.

Motar dai na nan a mace, ba wanda ya san ciwonta a cikinsu. Ya ce rawar da ya ji ta ƙasan kujera ta yi kama da ta inji mai shan iska ta inda bai kamata ba, amma kada ta riƙe maganarsa, zato ne. Rabon da ya ce mata zato ne tun suna amare.

Ta naɗe hannun riga, ta zura hannun hagu bayan inji, can inda ido ba ya kaiwa. Ta rufe ido kamar yadda takan yi in tana neman cibiya a wuyan jariri. Ta bi tiyo na farko, lafiya. Na biyu, lafiya. A ƙasan na uku, wani siriri da zafi ya busar, yatsarta ta faɗa cikin tsaga.

Tsohon halin ya taso mata nan take: ta yi shiru, ta ja shi da tambaya har ya faɗa da bakinsa, ya ci abinci da ƙari. Ta ji daɗin nan ma ya leƙo, na sanin abin da bai sani ba. Ta bar su duka biyun suka wuce.

"Tiyo ne ya tsage. Na uku, ta ƙasa. Ni na samo."

Ya ce ta kawo shi ya ji. Ta kama hannunsa ta cusa a ramin, amma hannun ya yi girma, ya tsaya a wuyan hannu. Ya yi ƙoƙari sau biyu, ya fasa. Ya ce to ya yarda da ita, ba shi da yadda zai yi. Akwai ragowar tiyo a gwangwanin madara na kan kantar gareji, ta yanko daidai tsawon, kada ta yi masa yankan cibiya.

Sun kai azahar suna yi. Da Gimbiya ta tashi ta tsaya da muryarta, ya ɗora tafin hannu a kan bonet don ya ji ta nan, tunda kunne ya ƙi. Sista ta tattara kayan aikin ta miƙa masa kamar kullum. Bai karɓa ba. Ya ce ta rataye da kanta, duk inda suka ga dama su kalla.

Ta rataye su ɗaya bayan ɗaya, bakinsu hagu. Tana wanke hannu ya tambaya daga kujerarsa, ba tare da ya juyo ba, ko Asabar mai zuwa za ta zo, ko da ba abin da ya lalace. Ta ce motar da ta shekara arba'in ba ta rasa ciwo, sai dai a rasa mai nema. Ya ce ba wannan ya tambaya ba.

Ta ce za ta zo, ta kawo kujera biyu.