Daka a Hawa na Uku

Shekarar da aka kwaso ma'aikatar maigidana daga Legas zuwa Abuja, a Garki aka ba mu gida, hawa na uku. Ni da na tashi a tsakar gidan da turmi ba ya hutawa, sai ga ni a sama kamar tantabara. A ƙarƙashinmu matar ogan maigidan ce, Bayarabiya, doguwa mai tabarau. Sau ɗaya tak na yi daka, ta hauro da kanta.

"Madam, wannan turmi naka yana fasa mini kai," ta ce. "Nan ba ƙauye ba ne."

Da maigidan ya ji, sai ya ce, "Don Allah ki rufa mana asiri. Mijinta ne ke raba gidajen nan." Tun ranar tsoron matar ya shige ni. Ko cokali ne ya suɓuce a ƙasa sai gabana ya faɗi.

Ana haka likita ya hana maigidan gishiri saboda hawan jini. Abinci ya koma lami, ya ci loma biyu ya ture kwano, yana ramewa ina gani. Sai na tuna wani yaji da wata maƙwabciya ta koya mini a Legas: ɓawon lemon tsami da masoro. A goge saman ɓawon kawai, don farin cikinsa ɗaci gare shi, a busar, a daka tare. Tsamin da yajin su ke mantar da harshe gishiri.

Ba ni da wurin shanya, don haka na zuba ɓawon a kaskon da na saya wurin matan Ushafa masu ginin tukwane, na ɗora a risho da wuta kaɗan. Ƙamshi ya cika kicin. Na watsa masoro, sannan hannun Bahaushiya ya ƙi jin magana, na ƙara barkono cikin tafi. Yaji ba barkono ai sunansa gari.

Saura daka. Na ninka bargo huɗu na ɗora turmin a kai. Na rufe tagogi duka, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa don kada ƙara ta sauka. Ni a dole na yi dabara. 'Yata, mai shekara huɗu, tana ta tsalle a falo. Tana da asma, na sani sarai, amma ranar hankalina yana wurin matar ƙasa. Na zaunar da ita a kujera na zare mata ido.

"Kada in ji motsinki. So kike ta hauro ta kore mu?"

Na yi ta daka a hankali, ina atishawa a cikin gefen zanina, hawaye na zuba. Na tankaɗe, na mayar da tsakin, na sake dakawa. Sai can na lura falon ya yi tsit, irin shirun da ban san yarinyar da shi ba.

Na leƙa. Tana nan inda na ajiye ta, ta toshe baki da hannu biyu. Idanunta sun firfito, ƙirjinta yana shiga yana fita, leɓenta ya yi duhu. Na kira ta, ba amsa, sai wani siririn fito daga maƙogwaronta.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na sungume ta na sauko ba takalmi ba mayafi, ina salati da ƙarfi. Titi fayau, ko tasi babu, don Abujar lokacin ginin ya fi mutanen yawa. Maigidan yana ofis, ba mu da waya. Jikin yarinyar ya fara saki a kafaɗata. Ƙofar da na fi tsoro a duniya ita na koma na dinga duka da hannu biyu.

Matar ta buɗe a fusace, ta dubi yarinyar, ba ta tambaye ni komai ba. Ta zari makullin mota. Duk hanya tana cewa, "Ɗaga shi zaune, madam, kar ya kwanta!" Ni kuwa kunnena yana bakin yarinyar, ina jiran kowane numfashi, ina roƙon Allah ya ba ni na gaba.

A asibiti aka yi mata allura, aka ɗora mata abin shaƙa a fuska. Na tsaya gefe, hannuwana na warin lemo da barkono, ina tsoron taɓa ta da su. Sai bayan la'asar ƙirjin ya lafa. Ta buɗe ido, ta ga matar tsaye a kanmu, sai ta ƙanƙame hannuna ta jawo ni kusa.

"Umma," ta ce da ƙyar, "ban yi motsi ba. Za ta kore mu?"

Matar ta sunkuyo. "Me ya ce?"

Na kawar da kai don kunya, na ƙara riƙe hannun yarinyar.