Inda Mota Ke Shan Iska

A-kori-kura ce fara, mai shan gas, irin mai turbo ɗin nan da in ka taka totur sai ka ji siririn fito a ƙarƙashin bonet, kafin ka ankara ta cilla. Da ita nake kwasar gero da wake daga Nasarawa Burkullu zuwa kasuwar Bukkuyum, wani lokaci Gummi, wani lokaci har Anka. Ita ta zaunar da ni gida. Sa'o'ina duk sun watse neman abinci a kudu, ni kuwa kullum tuwon Inna nake ci. Ni ne autanta, kuma tun rasuwar Baba ni kaɗai na rage mata.

Da hanya ta fara lalacewa, ba ramuka nake nufi ba, 'yan bindiga, Inna ta tada hankalinta. Ta karɓo mini laya wurin wani malami ɗan'uwanta, ta ce in ɗaura a damtse. Na ce addu'arta ta ishe ni, ni ba jariri ba ne. Ba ta ja maganar ba. Wata safiya ina wankin mota a ƙofar gida, bonet a buɗe, sai ga ta ta tsaya tana leƙen inji.

"Auta, wai wagga aba tana numfashi?"

Na yi dariya, na nuna mata bakin wani baƙin bututu kusa da fitila. "Ta nan take shan iska, Inna. In ya toshe, ta mutu."

"Ashe ita ma mai rai ce," ta ce. Na shiga ɗebo ruwa na bar ta nan.

Ba a jima ba mota ta canza hali. In tana tsaye lafiya lau, a giya ɗaya ma haka. Amma da na taka ta sosai sai ta shaƙe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta salansa, fiton nan kuma ɗif. A hawa ɗan acaba ɗauke da buhu yakan wuce ni yana waiwaye, wani har ya ce in sauko in tura. Abin ya riƙa ci mini rai.

Bakaniken Gummi ya ce gurɓataccen mai na sha, ya wanke tanki ya canza filta. Babu. Na Anka ya rantse nozul ne, mai fesa wa inji mai, ya kwance ya gyara, ya sa sabuwar filtar iska. Babu. Wani ya zare turbon ɗungurungum, ya juya shi da yatsa, ya ce ƙalau yake, ya mayar. Kowa da tabbacinsa, wallahi, kamar a gabansa aka ƙera ta. Bututun nan da ke gaban filta kuwa ba wanda ya leƙa, har ni. Bututu ne kawai, me zai lalace a cikinsa?

Manoma suka daina ba ni kaya, kuma ban ga laifinsu ba. A hanyarmu akwai dajin da ba a son mota mai rarrafe. Nakan dawo gida, Inna ta ajiye mini tuwo ta ce, "Kwantar da hankalinka, ba abin da zai samu motar ga. Na san abin da na sani." Na ɗauka lallashi ne irin na uwa.

Ƙarshe na sayar wa wani mutumin Anka motar a wulaƙance, na tafi Legas tuƙin motar wani. Ranar tafiyata Inna ta raka ni har zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Ina can damina ta zagayo, ciwo ya kwantar da ita. A waya aka gaya mini. Kafin in iso an kai ta.

Bayan sadakar bakwai na bi ta Anka zan koma. Ina tsaye a tasha sai na ji fiton nan, na waiwaya, ga motar ta taho da lodin dawa, tana gudu kamar sabuwa. Mutumin ya gane ni, ya tsaya, ya yi mini gaisuwa. Sannan ya buɗe aljihun mota.

"Malam, ga ajiyarka. Bututun iska ya tsage muka cire shi, sai ga wannan a lanƙwasar ciki. In inji ya ja iska da ƙarfi sai ta toshe hanya. Tunda muka fitar da ita shi ke nan."

Laya ce, ta yi baƙi ƙirin, an naɗe ta da ƙyalle dam-dam har ta kai dunƙulen hannu. Ƙyallen na sani, gefen zanen da Inna ke salla da shi ne. Don in riƙa dawo mata lafiya ta sa ta, layar ce kuma ta raba ni da ita, ba ta sani ba har ta koma ga Allah. Baƙin cikin wannan bai sake ni ba har yau.

Mutumin ya tambaya ko ya jefar. Na karɓa, na naɗe hannun riga, na ce ya taimaka ya ɗaura mini.