Tumatirin da Mai Tebur Ta Ware

A bakin titinsu ba wanda ya san ta da wani suna sai Mai Tebur. Tun tana da goyon fari take sayar da kayan miya a gindin falwaya guda, har furfura ta cika mata kai. Hannunta kuwa ba ya jin magana. Ko gidan mutane ta shiga ta ga tumatir a faranti, sai ta jujjuya shi, ta ware mai ƙarfi gefe, wanda ya fara laushi gefe. Mai laushin take fara sayarwa da araha, abin da ya rage da yamma ta ƙulla wa matar maigadi. Ba ta taɓa zubar da abin da baki zai iya ci ba, kuma da wannan take tinƙaho.

Sai autarta ta haihu a wata ƙasa mai nisa, aka aiko mata da tikitin jirgi. Mijin Auta likitan haƙori ne, mai gilashi, mara yawan magana, irin surukin da ba ka sanin ko ka burge shi ko ka ishe shi. Ranar da zai kai ta babban kanti sayayya, Auta ta ja ta ɗaki.

"Umma, don Allah, nan ba kamar gida ba ne. Ba a ciniki, ba a ɗanɗanawa, ba a taɓa abin da ba za a saya ba. Kar ki ba ni kunya a gabansa."

"Ke tafi can! Ni da na tsufa a kasuwa za ki koya wa sayayya?"

A baki ta faɗa, amma maganar ta soke ta. Ta ƙudura a ranta ba ita za ta sa 'yarta sunkuyar da kai a gidan miji ba.

Tun daga ƙofa aka fara: ƙofar ta buɗe kanta ba wanda ya taɓa ta, Mai Tebur ta ja da baya tana salati. A ciki ga sanyi, ga haske, ga kaya har sama, amma ba ƙuda ko ɗaya, ba mai kiran "zo ki saya". Layi guda cur, surukin ya ce mata, abincin karnuka ne da kyanwoyi. Ta riƙe baki, ta haɗiye abin da ya zo mata. Da suka iso wajen kayan miya ya ce, "Mama, ɗan tsaya nan, bari in ɗauko ƙunzugun jariri."

Kuskurensa ke nan. Tulin tumatir ne a gabanta, an jibge mai ƙarfi a kan mai laushi, abin da ko 'yar koyo ba za ta yi ba. Ita dai ta san ta harɗe hannuwanta a ƙirji. Ba ta ankara ba sai ganin kashi biyu na masu laushi ta yi a gefe, an jera su tsaf.

Wata ma'aikaciya ta gunguro ƙaton kwandon shara mai taya. Ta yi mata murmushi, ta faɗi wani abu da yarensu mai kama da godiya, ta share kashi ɗaya cikin kwandon. Mai Tebur ta leƙa. Burodi ne a ledarsa ko buɗewa ba a yi ba, ga ayaba da ɗigon baƙi kawai, ga tumatirin da hannunta ya ware don a fara ci. Ta manta Auta, ta manta alkawari, ta zura hannu har gwiwa tana tsamowa.

Ma'aikaciyar ta ɗaga murya. Mai tsaron ƙofa ya taho, mutane suka tsaya kallo. A haka surukin ya same ta, ruwan tumatir na bin hannun rigarta. Ya yi magana da su a hankali, sannan ya juyo.

"Mama, dokarsu ce. Abin da ya shiga kwandon nan ba a sayarwa, ba a bayarwa."

"Ba a bayarwa? Ba mai kwana da yunwa a garin nan?"

"Akwai, Mama."

Ta saki abin da ke hannunta, ta fice ta tsaya jikin mota. Da ya fito suka kama hanyar gida. Kunya ta hana ta ɗaga ido, jira kawai take ya buɗe baki ya gaya wa matarsa.

A kicin Auta ta hau fito da kaya. Ta buɗe wata leda, ta yamutsa fuska, ta ɗago tumatir lugub tana kallon uwarta.

"Umma! Wa ya zaɓo wannan?"

Mai Tebur ta gane su sarai. Kashi na biyun ne, wanda ma'aikaciyar ba ta kai ga sharewa ba.

Surukin ya gyara gilashinsa.

"Ni ne," in ji shi. "A fara da su yau."