Dawuda da Ɗakin Zanzaro

Dawuda mutumin Bauranya ne, amma tun yana saurayi fartanya ta fita daga ransa. Ya gudu Kano ya yi karen mota, ya sha zagi da ranƙwashi har hannunsa ya faɗa, ya dawo da lasin. Bubayero, wani dillalin shanu a Kankiya, ya ɗauke shi tuƙin baƙar motarsa. A ƙauyensu ba a taɓa yin direba ba, shi kuwa bai bari kowa ya manta ba.

Sai yaƙin Hitila ya zo. Fetur ya yi wuya, taya ta yi ɓatan dabo. Aka tura motar rumfa a bayan gida, aka ɗora ta bisa tsofaffin turame, aka kewaye da zana. Sa'o'insa suka shiga soja suna tuƙa manyan motoci, Dawuda ya ƙi, wai shi ba ya barin motarsa. Ya koma noman da ya raina, duk ranar kasuwa ya tako Kankiya ya goge mata jiki.

Da yaƙi ya ƙare aka sauko da ita. Ya juya handul ta tashi, amma sai tari da karkarwa kamar tsohuwa mai masassara, in ya taka mai ta mutu. Ya zubar da tsohon fetur, ya wanke tanki, ya kankare fulogi, duk a banza. Bubayero ya ce in ba ta daidaita ba kafin kaka zai sayar, akwai mai tayawa a Kano. Dawuda ya san in mota ta tafi, aikinsa da shekarun jiransa sun bi ta.

Baƙin hayaƙin da take fitarwa ya sa ya zargi iska ce ba ta isa inji. Ya kwance murfin bakin kafireta, sai ga ɗakunan laka a jere, zanzaro ya toshe mashaƙar tam. Don murna ya kira mutanen gida su zo su gani. Wautarsa ke nan.

Inna Fadimatu, uwar Bubayero, ta leƙa ta dafe ƙirji. A wurinta, zanzaro in ya yi gini a gidan mai ciki ba a taɓa shi, ga kuma Mairama matar maigida da ƙaramin ciki bayan dogon jira.

"Kul, ɗan nan! Ka bar shi sai ta sauka."

"Inna, ai cikin mota yake, ba ɗakinta ba."

"Motar ta wa ce? Halan ba ta mijinta ba ce?"

Bubayero bai musa wa uwarsa ba, bai kuma janye maganar sayarwa ba, haihuwa kuwa sai bayan kaka. Ranar da ya ga gida ya yi tsit ana hutun azahar, Dawuda ya sa tsinken ƙarfe ya kankare lakar nan tas. Inji ya tashi sumul, kuma daɗin ƙarar ne ya tona masa asiri.

Kafin wata ya mutu Mairama ta yi ɓari. Ba shi ne ɓarinta na fari ba, duk gidan sun sani, amma ranar ba wanda ya ga damar tunawa. Aka sallami Dawuda. Motar kuwa ba a sayar ba, tunda ta warke. Aka ɗauko wani direba daga Kano, ya yi ta tuƙa ta lafiya lau.

Abin takaici, labarin ya riga shi isa Bauranya. Ba wanda ya sake ba shi mota, mata masu ciki in sun hango shi su sake hanya. Ya tsufa yana noman gero. Da 'yarsa Sa'a ta yi cikin fari a garin Ƙofa inda take aure, surukanta suka aiko cikin ladabi, wai ya dakata da zuwa sai ta sauka. Ita ma Sa'a ta ce a roƙe shi ya yi haƙuri.