Yaya Rekiya, Na Gani Na Yi Shiru

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 15 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Rekiya, matar Malam Da'u na Kademi, a cikin mota kan hanyar Gaya, da cikin wata takwas a jikinta. Tana zaune tana tsinkar gyaɗa jini ya ɓalle mata. Ta bar 'ya'ya biyar. Na shidan aka binne su tare.

Yaya Rekiya, ni ce Hamdiyya, ɗalibar hoton ciki, wadda kike kira 'yar talabijin. Makarantarmu ta Kano ce ta turo ni ƙaramin asibitin nan mai zaman kansa da ke tsakanin Gaya da Ajingi, in koyi aiki a hannun mai duba hoton, Oga Ɗantani. Sharaɗin shi ne in duba ciki ɗari da hamsin, in rubuta kowanne a littafi, shi kuma ya sake dubawa ya sa hannu, sannan a ba ni takardar shaida. Ke kuwa kunun gyaɗa kike sayarwa a bakin ƙofa, ba ma'aikaciya ba ce, amma babu ma'aikacin da ya yi mini rabin abin da kika yi mini.

Makona biyu na farko mata guduna suke yi. Wai na'urar tana dafa jariri, wai yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba me ta sani. Ke kika ajiye ludayi, kika shigo kika haye gado, kika ce, “Zo ki fara da ni, ƙanwata. In dahuwa ce, biyar na dafa ba inji.” Matan da ke layi suka fashe da dariya, kuma tun daga ranar ban sake zaman banza ba. Ke kika lura man da muke shafawa a ciki yana da sanyi, mata na zabura. Washegari sai ga ki da kwanon sha da ruwan ɗumi a ciki, kika tsoma robar man. Babu littafin da ya koya mini wannan. Ran kasuwar Ajingi, in aiki ya hana ni fitowa, sai in tarar da kunu a kan taga, an rufe da faifai.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni cin abinci tun da kika tafi.

A watan Satumba Malam Da'u ya kawo ki da kansa a kan babur, cikin na wata bakwai, lokacin nauyi ya sa kin daina zuwa sayar da kunu. Na ɗora kan na'urar, na ga mabiyiya ta zauna can ƙasa, ta rufe bakin mahaifa ruf. Na juya, na sake dubawa, haka take. Ko ɗalibar wata ɗaya ta san ma'anar wannan: mai irin wannan ciki ba ta haihuwa a gida, babban asibiti ake kai ta tun kafin naƙuda, a tanadi jini, a yi mata aiki. Na je na sami Oga Ɗantani a ofis, yana cin tsire, na ce, “Oga, mabiyiyar Rekiya ta sauko. Don Allah zo ka gani.”

Ko tashi bai yi ba. Ya ce, “Ke ɗaliba ce ko malama? Duk sabon shiga haka yake, ko'ina cuta yake gani. Saura hannu nawa ki gama?”

Na ce goma sha uku.

Ya ce, “To, kawo littafin.”

Da hannun da ya ci tsiren ya sa hannu, har yanzu tabon man yana kan shafin. Ya jawo takardar sakamako, irin wadda ya riga ya buga ya tara, mai cewa komai lafiya, ya cike sunanki. Ya leƙa waje ya ce wa mijinki, “Malam, namiji ne, lafiya lau.” Haka yake gaya wa duk mijin da ya rako matarsa, don ya san abin da ake son ji. Mace ce, Yaya Rekiya. Na gan ta da idona, tana tsotsar yatsa.

Ƙyamar mutumin nan nake ji. Amma in na tsaya a kansa na yi ƙarya. Ina tsaye kika ɗaura zane, kika ce, “'Yar talabijin, an ga alheri?” Na ce miki eh. Na ce a raina ranar Juma'a zan zo Kademi in faɗa miki a ɓoye, in ya gama sa mini hannu. Juma'a ta zo ina Kano wajen jarrabawa. Wata Juma'ar ta zo, na ce ai da sauran lokaci. Saboda sa hannu goma sha uku na rufe bakina. Tir da ni.

Mako guda kafin rasuwarki kin ga ɗan jini, ba ciwo. Maƙwabciyarki Gaji ta ce a tafi Gaya. Malam Da'u ya ɗauko takardar nan daga cikin ledar da ya adana ta, ya nuna mata, ya ce hoto ya ce lafiya. Ban ga laifinsa ba. A wajenmu in an ce an yi hoto, to magana ta ƙare, tamkar takardar ce maganin. Mutumin kirki ne ya yarda da masu farar riga.

Ranar sadakar uku Oga Ɗantani ya zo gaisuwa da babbar riga. Duk wajen babu wanda ya kai shi tsawon addu'a. Ya ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, rai na Allah ne, amma ban taɓa jin an yi amfani da gaskiya wajen share ƙazanta kamar ranar ba. Malam Da'u har da raka shi mota yana godiya.

Da aka watse na durƙusa gaban mijinki na faɗa masa komai. Ya ce, “Mace ce?” Na ce eh. Ya ce, “Da ma ita mace take so.” Bai zage ni ba, bai kuma ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba.

Littafin ya cika ɗari da hamsin tun makon jiya. Na kai shi makaranta, na gaya musu babu hoto ɗaya a ciki da mai sa hannun ya duba. Sun ce wataƙila in maimaita shekarar, wataƙila su sallame ni. Su yi abin da ya dace. Na kwafi sunayen matan da ba su haihu ba tukuna, su goma sha tara. Ina bin su gida gida, daga Kademi zuwa Balan, ina cewa su yaga takardar su je a sake dubawa. Na samu sha ɗaya, saura takwas.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya Rekiya. Ya karɓi shahadarki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da 'yarki a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Da'u, da Muhsina da ƙannenta huɗu, da mutanen Kademi baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Ni kuma ku sa ni a addu'a, in kai ga takwas ɗin nan kafin naƙuda ta riga ni.

Hamdiyya Muhammad Bashir, Gaya.