Tawul ɗin Jikan Inna Tsaf

Inna Tsaf ake ce mata a ɗakin wankin otal ɗin, don ba ta miƙa maka abu sai ta ce, "Ga shi nan tsaf." Tun gashinta na baƙi take zaune a bayan keken ɗinki, tsakanin injin wanki da teburin guga, tana kama bakin zannuwan gado da suka yage, tana mayar da maɓallan rigunan masu kai abinci. Da keken nan ta raini 'ya'yanta bayan rasuwar mijinta. Dukiya kam babu, amma akwai abu guda da take ji da shi: ko silin zare ba a taɓa samu a jakarta ba. Kuma ba ta barin kowa ya manta.

Da masu otal suka gaji da ɓatan tawul, sai suka bi sahun sauran otal-otal, suka kawo wasu 'yan na'urori da ba su fi ƙwayar wake ba. A ɗinke guda a jikin kowane tawul, a kafa wani akwati a ƙofar ma'aikata. In tawul ya gifta, ko a ƙasan jaka yake, akwatin zai jiyo shi ta iska kamar yadda rediyo ke kama tasha, ya hau ƙara. Ma'aikata suka sa wa abin suna 'yar gulma.

Wa zai ɗinka? Inna mana. Ita ta zauna ta cusa 'yar gulma a kusurwar kowane tawul, ta bi da ɗinki, har yatsunta suka haddace wurin.

Wadda ƙofa ta fara kamawa mai guga ce, wata bazawara mai yara ƙanana, da tsohon tawul a jakarta. Manaja ya yi mata faɗa ya ƙyale ta. Inna ce ba ta ƙyale ba.

"'Yar nan, talauci ba hauka ba ne," ta ce mata a gaban kowa. "Mu ma da shi muka tashi, amma hannunmu bai yi tsawo ba."

Mai guga ta ci gaba da gugarta.

Ana nan sai autar Inna ta haihu, namiji, a makon da aka sauke sababbin tawul masu laushin da Inna ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta ɗauki guda, ta tuno tsumman da ake goge jaririn da shi, zuciyarta ta karye. Ta laluba kusurwoyin nan huɗu, ba ta ji komai ba. To, ai ita ce mai sawa, kuma ba ta sa ba. Ina za ta san cewa waɗannan daga masaƙa aka haɗo su da tasu 'yar gulmar, siririya, a cikin ɗan ƙyallen da ke ɗauke da sunan otal? Ranar kuwa an ɗauke wuta lokacin tashi. Ta cusa tawul ɗin a jaka, ta wuce ƙofa shiru, ta ɗauka yatsunta ne suka yi gaskiya.

Da aka zagaya ƙirga da wata na'urar hannu aka ga tawul ɗaya babu, idanu suka koma kan mai guga. Ba wanda ya faɗa, amma an daina barin jaka kusa da ita. Inna na gani, ta ƙara sunkuyar da kai a kan keke. Abin ya ci ta, amma bai ci ta har ta buɗe baki ba.

Wata safiya Auta da mijinta suka biyo daga rigakafi don su gaishe ta. Ta ƙofar baƙi suka shigo. Inna ta ga jikan a naɗe cikin tawul ɗin, amma ta ga an naɗe sunan otal a ciki, ta dake. Ta karɓe shi tana zagayawa da shi.

"Ku zo ku ga maigidana. Ko sisin cefane bai ba ni ba, sai barci."

Aka yi dariya, aka yi ta sa albarka. Da za su tafi ta ce su bi ta baya, ta nan ya fi kusa da titi. Ita ce a gaba, da yaron a hannu.

Ƙofa ta hau ƙara.

"Inna, ɗan koma baya," in ji mai gadi, yana murmushi. "Halan sabon ango ne bai biya kuɗin ɗaki ba."

Ta koma, ta sake gittawa. Ƙarar ta dawo. Mai gadi ya bi jakarta da na'urar hannu, shiru. Ya bi jakar Auta, shiru. Da ya kai kan jaririn, murmushin ya bar fuskarsa. Masu wanki duk sun fito, manaja ma ya leƙo.

"Inna, ba kin ce a kasuwa kika saya ba?" in ji Auta a hankali.

Surukinta ya juya yana karanta wata sanarwa a bango. Inna ta so ƙasa ta tsage ta shige. Dole dai a warware yaron, daga shi sai 'yar riga, ga iskar fanka. Ya canyara kuka.

Mai guga ce ta ratso mutane, ta cire mayafinta ta lulluɓe shi.

"Inna, riƙe shi da kyau, sanyi zai kama shi."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da zagi ta yi, da Inna ta fi samun sauƙi.

Manaja bai kore ta ba, ya ce albarkacin shekarunta. Auta kuwa har suka hau mota ba ta dube ta ba.

Washegari Inna ta zo da mayafin, ta wanke shi, ta goge, ta ninke. Ta tsaya a gaban teburin guga ta miƙa da hannu biyu. "Ga shi nan," ta ce. Mai guga ta ajiye dutsen guga tana jiran sauran maganar da kowa ya saba ji. Amma maganar Inna ta tsaya a nan.