Eriyar Abdulrauf

A unguwar Harra ta Yamma da ke Madina, in ka ce Abdulrauf ba kowa zai gane ba, sai ka ce mai eriya. Da ya yi ritaya daga gyaran layin tarho, ya nemi lasisi, ya sayo rediyon oba-oba, ya kafa dogon ƙarfe a saman gidansa. Kakansa da ƙafa ya zo hajji daga Damagaram ya zauna. Shi kuwa jikan, wai so yake ya ga ko muryarsa za ta iya komawa inda tsohon ya fito.

Ba ta kai Damagaram ba, amma wata la'asar wani dattijo, Usmanu, ya amsa masa daga Cadi, da Hausa. Abdulrauf ya yi murna ƙwarai. Tun rasuwar mahaifiyarsa babu mai mayar masa da Hausa, 'ya'yansa da Larabci suke amsawa.

Ranar da iska ta karkata eriyar, garin ɗoki ya ɗale ƙarfen bai aika an sanar da maƙwabta ba, yadda aka saba. Yana waiwayawa sai ga matan gidan maƙwabcinsa Sa'id suna shanya a saman gidansu, ba mayafi. Ya sauko cike da kunya, amma an riga an gan shi. Maganar ta kai gaban mai unguwa, aka yanke cewa kada komai ya wuce tsayin katangar saman gida.

Ya kwance ƙarfen, muryar Usmanu ta ɓace. Amma Abdulrauf ba ya barin abu sai ya ga ƙarshensa. Ya miƙa siririyar waya a jikin katanga, sai dai wurin bai isa ba, dole ta ƙetara zuwa katangar Sa'id.

"Ya Abu Umair," in ji shi da Larabci, yana kiran Sa'id da alkunyarsa, "waya ce kawai, wallahi ba ta da ido."

Sa'id, wanda ba a taɓa jin Hausa a bakinsa ba, ya yarda, ya kuma biyo shi don ya ga abin. Can cikin ƙara, da ƙyar, muryar Usmanu ta fito: "Mutanen Madina, kuna lafiya?"

Sa'id ya riga Abdulrauf sunkuyawa kan rediyon, ya amsa da Hausa. "Lafiya lau, baba."

Sannan ya tambayi Abdulrauf a hankali: "In an mayar da ƙarfen, za a fi jin sa?"